Watan da Italiya ta kori 'ya'yan Yahudawa daga makaranta

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, yara na ɗinkin kayan komawa makaranta, jaridun Italiya kan tuna da 5 ga Satumban 1938. A ranar ce Sarki Vittorio Emanuele na Uku, yana hutawa a gidan gonarsa na San Rossore kusa da Pisa, ya sa hannu a dokar da ta haramta wa 'ya'yan Yahudawa shiga makarantun gwamnati, ta kuma sallami malamai Yahudawa tun daga firamare har jami'a. Ministan ilimi Giuseppe Bottai ne ya ɗauki nauyin aiwatar da ita. Littattafan karatun da Yahudawa suka rubuta ma an cire su daga aji.

Yahudawan Italiya a lokacin ba su kai 50,000 ba, cikin al'ummar da ta haura miliyan 40. Wasu daga cikinsu sun yi wa ƙasar yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu ma 'yan jam'iyyar Mussolini, mai mulkin ƙasar, ne masu kati. Duk wannan bai hana a rufe wa 'ya'yansu ƙofa ba.

Cikin yaran akwai Liliana Segre ta birnin Milan, wadda take gab da cika shekara takwas. Uwarta ta rasu tun tana jaririya, mahaifinta Alberto da kakanninta ne suka rene ta, a gidan da addini bai dame su sosai ba. Kamar yadda ta sha ba da labari, suna kan cin abinci mahaifinta ya gaya mata an kore ta. Sai ta shiga tambayar laifin da ta yi, domin a saninta ba a korar yaro sai ya yi babbar ɓarna. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne malamarta, wadda ta zo gidan, ta ce ai ba ita ta kafa dokar ba, ta tafi. Ƙawayenta kuwa, in ban da 'yan kaɗan, sai su gan ta a hanya su nuna ta da yatsa su wuce. Babu wanda ya tashi a ajin ya tambayi ina mai wannan kujerar ta shiga.

To wa ya kawo dokar? Nan ne gardamar take. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, labarin da ya fi yi wa Italiyawa daɗi shi ne Hitler ne ya matsa wa Mussolini, su kuwa mutanen kirki ne da ƙawance ya ja su. Ko a ranar 27 ga Janairun 2013, a wurin taron da aka yi a Milan don tunawa da Yahudawan da aka kashe, tsohon firaminista Silvio Berlusconi ya ce dokokin su ne babban kuskuren Mussolini, amma ya yi abin kirki a wasu fannoni, kuma alhakin Italiya bai kai na Jamus ba.

Ni dai wannan bayani bai gamsar da ni ba, kuma kwanan wata kaɗai ya isa ya rushe shi. Jamus ta taƙaita yawan Yahudawa a makarantu tun 1933, amma ba ta kore su gaba ɗaya ba sai 15 ga Nuwamban 1938, sama da wata biyu bayan Italiya. Masanin tarihi Michele Sarfatti ya daɗe yana nuna cewa shawarar ta Mussolini ce da kansa, kuma ba a samu takardar da ke nuna Berlin ta ba da umarni ba. Shi ma Mussolinin, a jawabinsa na Trieste ranar 18 ga Satumba, ya zagi masu cewa kwaikwayo yake yi, ya kuma danganta batun launin fata da daular da ya kafa. Wannan daular kuwa Habasha ce, wadda ya mamaye a 1935 da 1936. Tun 1937 aka kafa dokar ɗaure Ba'italiyen da ya zauna zaman aure da 'yar Afirka a can. Wariyar da aka gwada a kan baƙar fata a Addis Ababa ita ce ta dawo gida ta faɗa wa yaran Milan da Roma.

Sauran labarin gajere ne, mai ɗaci. A Disamban 1943 Liliana da mahaifinta suka tsallaka iyakar Suwizalan, aka mayar da su. Ranar 30 ga Janairun 1944 aka loda su a jirgin ƙasa daga ƙarƙashin babbar tashar Milan zuwa sansanin Auschwitz, tana da shekara 13. An kashe mahaifinta da kakanninta biyu. Ita ta tsira, ta yi shiru har zuwa 1990, sannan ta fara zagaya makarantu tana ba ɗalibai labari. A Janairun 2018 Shugaba Sergio Mattarella ya naɗa ta sanata ta dindindin, kuma a Satumban shekarar shugabannin jami'o'in Italiya suka taru a Pisa suka nemi gafara, shekara 80 bayan sa hannun sarki. A 2019, saboda barazanar da ake aika mata ta intanet, sai da hukuma ta ba ta jami'an tsaro masu rakiya, tana da shekara 89.