Gani Ya Kori Ji: Tarihin Koyar da Ƙirar Jikin Mutum ga Masu Aikin Jinya

Ilmin ƙirar jikin ɗan Adam, wanda Larabawa ke kira tashrihi, ya daɗe a hannun likitoci kafin ya iso ga masu jinya. Tarihinsa kuwa ya nuna cewa duk lokacin da ya ci gaba, to, wani ne ya ƙi dogara da littafi kurum, ya duba da idonsa.

Jalinusu, likitan Daular Rum wanda aka haifa a shekara ta 129, birai da aladu ya riƙa feɗewa, sa'an nan ya ƙiyasta jikin mutum a kansu. Daga cikin abin da ya koyar har da cewa jini yana ratsa shamakin da ke tsakiyar zuciya ta wasu kafofi waɗanda ido ba ya gani. Aka yi shekara dubu ana karanta wannan magana ba mai musu, sai a ƙarni na 13 Ibnun Nafis, likita a Alƙahira, ya ce babu waɗannan kafofi, ta huhu jinin ke zagayowa. A 1543 Besaliyas, malami a Jami'ar Faduwa ta ƙasar Italiya, ya buga littafinsa mai kashi bakwai, bayan ya feɗe gawawwakin mutane da hannunsa, ya gyara kurakuran Jalinusu masu yawa.

Ilmin saƙar jiki, watau nazarin tsoka da fata da jijiya a ƙarƙashin madubin likita, ya zo ne daga baya. A 1661 Malfigi ya hango ƙananan jijiyoyin jini a huhun kwaɗo, waɗanda su ne ke sada manyan hanyoyin jini da juna. Daga bisani Bisha, Bafaranshe wanda ya rasu a 1802, ya kasa saƙar jiki iri 21.

Duk wannan zamani, mai jinya ba ta da rabo a ciki. Aikinta wanki da shara da bin umurnin likita. Al'amarin ya fara sakewa a 1860, sa'ad da Fulorens Naitingel ta buɗe makaranta a Asibitin Sen Tomas da ke Landan, inda likitoci suka riƙa yi wa ɗalibai lacca. A Nijeriya an kafa Hukumar Kula da Aikin Jinya a 1947, aka buɗe makarantar jinya ta Asibitin Jami'a a Ibadan a 1952, kana a 1965 Jami'ar Ibadan ta fara karatun digiri a wannan fanni.

Wani zai ce, ina ruwan nas da wannan zurfafawa, tun da ba fiɗa za ta yi ba? Amsa tana cikin allurar da take yi kullum. Akwai wata babbar jijiya, wadda ta fi kowace kauri a jiki, da ta taso daga ƙugu ta bi ta ɗuwawu ta gangara ƙafa. Wanda ya san hanyarta sai ya raba ɗuwawun gida huɗu, ya soka allura a kason sama na waje. Wanda bai sani ba yana iya taɓa ta, yaro ya tashi yana jan ƙafa har abada. Haka nan sanin saƙar fata shi ke fahimtar da mai jinya dalilin juya majinyaci a kan kari, domin nauyin jiki yana matse ƙananan jijiyoyin nan da Malfigi ya gani, jini ya yanke, gyambo ya buɗe.

Saboda haka makarantar da ta bar ɗalibanta da haddar sunayen ƙasusuwa daga allo, ba ƙwarangwal, ba madubi, ta mayar da su zamanin masu bin Jalinusu ido rufe. Wajibi ne hukumomin da ke ware kuɗin makarantun jinya su tanadi kayan dubawa, gama majinyaci ne ke biyan bashin abin da ɗalibi bai gani ba.