BABI NA UKU: MAKOMAR LITTAFIN SHAIHU UMAR BAYAN RASUWAR MARUBUCINSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda aka samu ƙagaggun labaran Hausa na farko. Wannan babi kuwa zai dubi abin da ya sami ɗaya daga cikinsu, wato Shaihu Umar, bayan rasuwar marubucinsa, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dalilin yin haka shi ne, idan marubuci ya yi mutuwar da ta girgiza jama'a, ko dai kashe shi aka yi ko kuwa shi ya kashe kansa, sau da yawa labarin mutuwar yakan danne aikin da ya bari. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa girmama sunan marubuci abu ne daban, adana aikinsa da karanta shi kuma abu ne daban.

3.1 Littafin da Marubucinsa

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauci a shekarar 1912, ya kuma yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933. A shekarar da ya gama ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar da hukumar ta buga a wannan tsakani, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ke nan marubucin bai wuce shekara 21 ba lokacin da ya rubuta shi.

Jigon littafin shi ne bauta. Shaihu Umar, malami a garin Rauta, yana ba almajiransa labarin yadda aka raba shi da mahaifiyarsa yana ƙarami, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi. Mahaifiyar ta fita nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Abin lura a nan shi ne, marubucin bai ɗora laifin a kan baƙi kaɗai ba, domin ya nuna harin kamun bayi yana tasowa daga fada.

3.2 Bayan Juyin Mulkin 1966

A ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kama Tafawa Ɓalewa a Legas, yana Firayim Minista. Bayan 'yan kwanaki aka sami gawarsa, aka kai Bauci aka rufe. Daga nan girmamawar da aka yi masa ta kasu gida biyu.

Kashi na farko shi ne girmama suna. An sa sunansa a babban dandalin Legas, an gina masa hubbare a Bauci, an sa hotonsa a takardar naira biyar, sannan a 1988 aka sa wa jami'ar tarayya ta Bauci sunansa. Ta wannan hanya ne mai ciniki a kasuwar Gaya ko Ajingi ya san fuskarsa, ko da bai taɓa jin cewa ya rubuta littafi ba.

Kashi na biyu shi ne hidimar da aka yi wa aikin kansa. A 1967 Mervyn Hiskett ya fitar da fassararsa ta Ingilishi. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da labarin wasan kwaikwayo, a 1976 kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim da harshen Hausa. A 1989 aka sake buga fassarar a Amurka tare da gabatarwar Beverly Mack. Cikin shekara 10 da rasuwarsa ke nan, labarin ya shiga wani harshe, ya hau dandamali, ya kuma shiga sinima.

3.3 Ɓacewar Fim

Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna raunin wannan hidima. Fim ɗin Adamu Halilu ya ɓace wa masu kallo shekara da shekaru, har ana zaton ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'adanar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya ta ƙasar Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wato a tsawon shekarun da hoton marubucin ke yawo a aljihun jama'a, wani babban reshe na aikinsa yana jibge cikin ƙura.

Akwai kuma wata ɓacewar wadda ba ta faya-fayai ba. Tausayin da ake yi wa marigayin yana iya sa mai nazari ya ɗauki Shaihu Umar a matsayin hoton haƙuri da tawakkalin marubucin kawai, ya kau da kai daga zancen bauta, wanda shi ne ƙashin bayan littafin. Mai yin haka ya girmama mamaci, amma ya tauye abin da mamacin ya rubuta.

3.4 Marubucin da ya Kashe Kansa

Tafawa Ɓalewa ya yi mutuwar da ta jawo masa tausayi. Matsalar ta fi tsanani idan mutuwar ta jawo kunya ce ga dangi, kamar ta wanda ya kashe kansa. Misali a nan shi ne Ingrid Jonker, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, wadda ta kashe kanta a birnin Cape Town a watan Yuli na 1965, wata shida kafin rasuwar Tafawa Ɓalewa. Abokanta ba su bari aikinta ya bi ta ba, suka kafa kyautar waƙa da sunanta. A ranar 24 ga Mayu 1994 Nelson Mandela ya karanta waƙarta a gaban majalisar ƙasar, wadda ta yi a kan yaron da aka harbe a unguwar Nyanga a zamanin wariyar launin fata. Abin da ta faɗa game da zalunci shi aka ɗaga.

A ƙasar Hausa kashe kai babban zunubi ne, kuma ba a son ambatonsa. Duk da haka, an ruwaito daga Imamu Malik a cikin Mudawwana cewa wanda ya kashe kansa ana yi masa salla da sutura kamar sauran Musulmi, zunubinsa kuwa yana kansa. Idan shari'a ba ta yar da gawarsa ba, to, manazarci ba shi da hujjar yar da takardunsa.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tausayi da kunya duk suna iya rufe aikin marubuci. Tausayi yakan hana a yi masa nazari na gaskiya, kunya kuma takan hana a ambace shi. Tarihin Shaihu Umar ya nuna cewa abin da ya raya littafin shi ne aikin masu fassara da masu wasan kwaikwayo da masu gyaran faya-fayai, kuma inda aka yi sakaci da adanawa, an yi hasarar kusan shekara 40. A babi na gaba za a dubi yadda marubucin ya sarrafa jigon bauta a cikin littafin.