Mafitar Yawuri da Fataucin Goron Gwanja

Tun kafin kamfanonin Turawa su shigo Kwara, Hausawa suna gudanar da cinikin da ya ratsa ƙasashen sarakuna daban-daban. A ƙarni na 19, fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi daga Kano da kanwa da tufafi, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja don sayo goro. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta biyo ta Yawuri, inda ake yi musu fito su shiga Bargu.

Abin lura a nan shi ne, babu wata hukuma guda mai tsare dukiyar falke a wannan tafiya ta watanni. Madugu ne ke daidaitawa da kowane sarki a kan kuɗin fito da garama. A zango kuwa, fatoma ke saukar da baƙo, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa a kan bashi.

Hanyar ta fara rauni bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara kassara ta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai goro ya koma biyowa ta Ikko, ayari ya yi ƙaranci a mafitar Yawuri.