Wuta-wuta da Fumfunar da ke Kashe Ta

Wuta-wuta, wadda ake kira ƙuduji a wasu yankunan ƙasar Hausa, tsohuwar abokiyar gabar dawa da gero ce. Masana tsirrai suna kiran wadda ke kama hatsi Striga hermonthica, kuma suna ganin asalinta daga tsaunukan Nuba na Sudan da ƙasar Habasha ne, yankin da ake danganta farkon noman dawa da shi. Tana da 'yar'uwa, Striga gesnerioides, wadda ita wake take bi.

Ɓarnarta a ƙarƙashin ƙasa take farawa. Ƙwayar irinta ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, tsiro guda yana iya zubar da dubun dubatarta, kuma tana iya kwanciya a gona fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da ta ji shi sai ta miƙa ta manne wa saiwar, ta riƙa zuƙe ruwa da abinci har makonni kafin ta leƙo sarari. Lokacin da manomi zai ga furenta mai ruwan hoda, dawar ta riga ta tsumbure, ganyenta ya yi kamar an babbake shi.

Manoman da suka gabata ba su san wannan sinadari ba, amma sun san halin ciyawar. Sun lura ta fi yin ƙarfi a gonar da ta gaji, don haka maganinsu shi ne hutar da gona ta zama saura, da barin shanun Fulani su kwana a cikinta bayan kaka, da tuge ciyawar da hannu. A kewayen Kano, inda ƙasa ta daɗe da yin kaɗan har ba halin hutar da ita, jakuna ne ke kai taki gona a mangala kowane rani. Haɗa hatsi da wake ko gyaɗa shi ma ya taimaka. Tugewa dai ita ce mafi wahala kuma mafi ƙarancin lada a shekarar da aka yi ta, domin amfaninta hana zubar sabon iri ne, ba ceton dawar bana ba. Da jama'a suka ƙaru, saura ta yi wuya, noman masara kuma ya bazu a Arewa, sai ciyawar ta sami fili.

Binciken kimiyya mai zurfi ya kankama ne bayan da aka gano wani nau'inta, Striga asiatica, a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka a 1956. A 1966 masana a can suka tace sinadarin da ke tayar da irin daga saiwar auduga, suka sa masa suna strigol. Wannan ya bayyana abin da ya sa auduga da waken suya ke rage ciyawar: suna tayar da irinta ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu da yunwa. Amurka ta yi amfani da iskar etilin wadda ake turawa cikin ƙasa don wannan yaudara, ta kusa kawar da ciyawar baki ɗaya, sai dai da kuɗin da ƙaramin manomi ba zai taɓa iya kashewa ba.

A farkon shekarun 1990 hankalin wasu masu bincike ya koma kan wani abu da ke faruwa a gonaki da kansa. Akan tarar da wuta-wuta ta yanƙwane, gindinta ya yi baƙi, ta bushe ba tare da an taɓa ta ba. Da aka bincika sai aka sami fumfunar ƙasa mai suna Fusarium oxysporum a cikin jijiyoyinta. Wannan fumfuna ba baƙuwa ba ce ga masana cututtukan shuka, kuma ba da alheri suka san ta ba. Wani nau'inta ne ya halaka gonakin ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya har zuwa shekarun 1950, wasu nau'o'in kuma suna kashe tumatir da auduga. Tana shiga ta saiwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ƙwayoyinta masu taurin ɓawo kuma suna daɗewa a ƙasa. Abin da ya sa ta yi amfani a nan shi ne kowane nau'i yana da tsiron da yake kamawa; wanda ke kashe wuta-wuta ba ya cutar da dawa.

Nau'o'i uku suka yi suna. Masu bincike na Jami'ar McGill ta Kanada sun samo M12-4A a Mali. Na Jami'ar Hohenheim ta Jamus sun yi aiki a kan Foxy 2, wanda aka samo a arewacin Gana. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma aka ware PSM 197 a ƙarshen shekarun 1990. Matsalar farko ita ce yadda za a kai ta gona, domin barbaɗa ta a kadada guda yana cin kaya mai yawa. Mafitar da aka samu mai sauƙi ce: a shafe irin dawa ko masara da ƙaro, a manna ƙwayoyin fumfunar a jikinsa, ta yadda za ta girma tare da saiwa ta tare ciyawar a daidai wurin da take kamawa. Cibiyar binciken noma ta IITA ta gwada wannan hanya a arewacin Najeriya cikin wani shiri da aka fara a 2011, tana haɗa ta da irin masara mai juriya da kuma juya shuka da waken suya.

Sakamakon bai zama ɗaya a ko'ina ba. Foxy 2, wanda ya yi aiki a Afirka ta Yamma, ya gaza a gwajin da aka yi a yammacin Kenya, abin da ya nuna cewa yanayin ƙasa da irin wuta-wutar wuri suna da tasiri. A Kenyan ne kuma David Sands na Jami'ar Jihar Montana da abokan aikinsa suka zaɓo wani nau'i na gida mai ƙarfi, suka riƙa raba shi a jikin tsinken sakace. Manomi zai sa tsinken cikin dafaffiyar shinkafa a rufaffen mazubi, fumfunar ta cika ta cikin 'yan kwanaki, sannan a zuba kaɗan a kowane ramin shuka. Hukumomin Kenya sun yi wa wannan magani rajista a 2021 da sunan Kichawi Kill, daga baya kuma aka fito da shi a matsayin garin da ake shafa wa iri kafin shuka.