Karta

karta (suna, mace). Wasa da ƙananan katuna masu lamba da zane, ana yin sa don nishaɗi ko don caca. Mai yin sa: ɗan karta, jam'i 'yan karta. Misali: "Sun kwana suna buga karta."

A Zuru, kamar sauran garuruwan Nijeriya, nau'in da aka fi sani shi ne Whot, mai kati 54, wanda ya samo asali daga Ingila a shekarun 1930. Foka kuwa, mai kati 52, ta bunƙasa ne a Amurka.

A nau'inta na Texas Hold'em, kowa na riƙe da kati biyu a ɓoye, a baje biyar a tsakiya. Da an ajiye na biyar sai zubin kuɗi na ƙarshe, kuma nan ne matsakaicin hannu, kamar sarki biyu alhali ga as, katin da ya fi sarki, a tebur, ke sa mai shi tsaka mai wuya. Idan ya zuba kuɗi, mai raunin hannu yakan janye, wanda ya fi shi ya biya ya cinye. Saboda haka zubin ba ya da riba sai in fiye da rabin masu amsawa ba su kai shi ba. In ba haka ba, gara ya wuce a buɗe katuna.

Da kuɗi sun shiga, karta ta zama caca, wadda Alƙur'ani ya haramta a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Ta raba magidanta da yawa da hatsin rumbunsu.