Zanen Garuruwan Hausa a Littafin Barth da Masu Tara Shi

A cikin tsofaffin zane-zanen launi na ƙasar Hausa da masu tara kayan tarihi ke farauta a yau, waɗanda suka fi suna daga littafin Heinrich Barth suka fito, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Ya shiga Katsina a Janairun 1851, ya isa Kano a Fabrairu. A 1853 kuma ya sake tasowa daga Katsina ya nufi Sakkwato ta Kuraye da kuma Zakka ta ƙasar Safana. Littafin ya fito juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, na Turanci a Landan, na Jamusanci a Gotha.

A kan dutse aka buga hotunan. Akan zana da alli mai maiƙo bisa dutse mai santsi, a jiƙa shi, a shafa tawada, sai ta kama wurin maiƙon kawai, sannan a danna takarda. Kowane launi da nasa dutsen. Hoto mafi farin jini shi ne na Kano daga kan Dala, da gidajen ƙasa da itatuwan dabino jefi-jefi. Da yake ana rububinsa, wasu dillalan Turai sukan yanke shafin su sayar da shi daban, su bar littafin a gurgunce. Wannan ɓarna ce, domin zanen da aka raba da bayanin Barth ya zama ado kawai.

Akwai masu cewa abin bai cancanci wahala ba, tunda idon baƙo ne, kuma Johann Martin Bernatz, wanda ya ƙawata zanen Barth don bugawa, bai taɓa taka Kano ba. Habasha ya sani. Gaskiya ne, shi ya sa ba a kafa hujja da riga ko rawanin da ke cikin hoton. Amma shimfiɗar garin Barth ne ya zana da hannunsa, shekara hamsin da biyu kafin Turawa su ci Kano a 1903, a lokacin da malamanmu ke rubuta tarihi ba sa zana birni. Shaida mai rauni ai ta fi babu.

Mutanen Koriya sun riga mu gane haka. Elizabeth Keith, 'yar Sikotlan, ta je ƙasarsu a 1919, Watanabe Shozaburo ya buga zane-zanenta da sassaƙaƙƙen katako a Tokyo, girgizar ƙasar 1923 ta cinye katakan, hotunan farko suka yi wuyar samu. Yau 'yan Koriya da kansu ke bin su suna saye.

Ya kamata gidajen tarihinmu na Katsina da Kano su nemi bugun farko cikakke, su ajiye inda ɗalibi zai iya buɗawa.