Unguwannin Kano: Tarihin da Ke Cikin Sunaye

Kanawa sun raba garinsu gida biyu, Birni da Waje. Birni shi ne abin da ganuwa ta kewaye, Waje kuwa duk abin da ya tsiro a bayanta. Yau mafi yawan jama'ar Kano a Waje suke kwana, a ƙananan hukumomin Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, amma tushen garin na cikin lungunan Dala da Gwale da Birni da Kewaye. A can ne sunan unguwa kan faɗi wanda ya fara sauka a wurin, daga ina ya taho, da sana'ar da ya riƙe.

Daga Dala aka fara. Tarihin Kano da aka gada a rubuce ya ce maƙera da mafarauta ne suka fara zama a gindin dutsen, ƙarƙashin Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura, kafin Bagauda ya kafa sarauta a wajajen shekarar 999. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 da Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17, har ta haɗa da Goron Dutse da gonaki masu yawa, don a samu abinci ko da abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya. Har yanzu ana hawa Dala, kuma ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya kan cika dutsen maƙil. Daga samansa ana hango hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da rufin Kasuwar Kurmi.

Ba nisa da Dala akwai Madabo, unguwar da ilimin addini ya fara kafuwa. A zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, ayarin Wangarawa ya iso daga ƙasar Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Su suka tsayar da salla a fada, suka riƙe limanci da alƙalanci. Sunayensu sun zauna a kan unguwanni kamar Zaitawa da Mandawari da Sheshe, kuma sarautar Babban Malami na Madabo tana nan har gobe. Bayan kimanin shekara ɗari sai Shehu Magili ya sauka a zamanin Rumfa, ya rubuta wa sarki littafi kan yadda ake tafiyar da mulki. Zuriyar da ya bari ita ce ta unguwar Sharifai, inda shugabansu ke riƙe da sarautar Sidi Fari.

Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya ba Birni fasalin da ake gani a yau. Ya ɗauke fada daga wajajen Dala ya gina Gidan Rumfa a kudu, inda sarakunan Kano suke zaune tun daga lokacin. Gidan Makama da ke kusa da fadar, wanda ruwaya ta ce a nan ya zauna kafin a gama ginin, yanzu gidan tarihi ne. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Wannan ya sa gari ya samu cibiya biyu, kasuwa a arewa da fada a kudu, unguwannin fatake da masu sana'a suka taru a kewayen Kurmi, na masu sarauta da bayin sarki suka kewaye fada.

A ɓangaren kasuwa ne sunaye suka fi magana. Zangon Barebari masaukin mutanen Barno ne, Tudun Nufawa na Nufawa masu saƙa da ɗinkin riga, Agadasawa na mutanen Agadas, Ayagi kuma na Yarbawan da suka zo fatauci tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Dandalin Turawa yakan ruɗi baƙo, domin Turawan da ake nufi Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, waɗanda Hausawa suka fara kira da wannan suna kafin su miƙa shi ga Nasara. Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Waɗannan Larabawa sun bar wa Kano gurasa da alkaki da alkubus, abincin da yanzu ba wanda ke kallonsa a matsayin na baƙi. Gurasar Jakara, wadda mata ke gasawa a tanderu a cikin gidaje, ita ake kaiwa ko'ina a gari, a yi bandashe da ita ko a haɗa da tsire.

Abin lura shi ne yadda Birni ya haɗiye waɗannan mutane duka. Jikan Banufe da jikan Babarbare da jikan Bayarabe duk Kanawa ne, Hausa suke yi, sun yi auratayya har an kasa rabewa, sai dai sunan unguwa ko zanen fuskar wani tsoho ya tuna asali. Agalawa, da suka yi fice a fataucin goro zuwa Gwanja, haka suka narke. Daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji, ya zauna a Koki, ya zama babban dillalin gyaɗa har rasuwarsa a 1955.

Wasu unguwannin sana'a ce ta raɗa musu suna: Dukawa na masu aikin fata, Soron Ɗinki na maɗinka, Lokon Maƙera na masu ƙira. Majemar Ƙofar Wambai tana aiki har yanzu, warinta ma kan sanar da mai wucewa tun daga nesa. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, shi ne wurin da masu yawon buɗe ido suka fi sani. Marina na tsoma yadi a rijiyoyin baba da toka, masu bugu na gefe suna dukan shuni har ya yi ƙyalli. A da, turkuɗin Kano har Sahara ake kai shi, Buzaye su yi rawani. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya yi dogon bayani kan wannan ciniki. Yau da yawa daga rijiyoyin sun bushe, yadin kanti da rinin zamani sun kashe musu kasuwa.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kawo sabon zubi. Bayan an kori Sarki Alwali a wajajen 1807, gidajen Fulani da suka yi yaƙin suka zauna a Birni, kowanne da unguwarsa da sarautarsa: Yolawa a Yola da sarautar Madaki, Dambazawa a Dambazau da sarautar Sarkin Bai, Danejawa a Daneji, Joɓawa kuma suka riƙe Makama. Sulluɓawa sun karɓi gadon sarauta da Ibrahim Dabo a 1819. Kusa da fada akwai Kabara, wadda ta ɗauki sunan wani gari na bakin Tambutu inda kakan malaman gidan ya fito. Nan ne cibiyar Ƙadiriyya, kuma daga gidan Shehu Nasiru Kabara ake fita Maukibi duk shekara da bandiri da tutoci. Tijjanawa kuwa sun fi ƙarfi a unguwannin 'yan kasuwa irin su Sanka da Koki da Zangon Barebari.

Fagge ita ce tsohuwar unguwar bayan ganuwa. Zango ce ta ayarin raƙuma, inda Buzaye ke sauke gishiri da kanwa da dabino. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka shigo ta wajen Ƙofar Kabuga alhali Sarki Alu yana Sakkwato, sai Waje ya fara cika da wani irin tsari na daban. Suka zauna a Nassarawa da Bompai, nesa da 'yan ƙasa. A Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa na ƙasa mai zanko yana nan ana ziyarta. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Kwara 'yan Siriya da Labanan suka kafa kantuna a kudancin Fagge. Daga nan Kantin Kwari ya samo asali, kasuwar da yanzu 'yan Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sarin atamfa da shadda.

Sabon Gari an yanka shi a wajajen 1913 domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gana. Da gangan Turawa suka ware shi daga hukuncin alƙalan Birni, da coci-cocinsa da makarantunsa da gidajen giyarsa. Nan ne bambancin ya fito fili. Baƙon da ya sauka a Ayagi ya zama Bakano, amma wanda aka sauke a Sabon Gari jikansa ma baƙo ake kiransa, ko da a nan aka yanke masa cibiya. Tarzomar 1953 da kashe-kashen 1966 sun ƙara zurfafa wannan rami. Duk da haka ciniki bai yarda da rabuwar ba: Kasuwar Sabon Gari, mai sunan Abubakar Rimi, da ta Singa da ke kusa, Bahaushe da Ibo da Bayarabe ne ke gogayya a cikinsu kullum. Tudun Wada da Gwagwarwa da Birget kuwa tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa ne suka fara cika su.

Siyasa ma tana da unguwarta. Malam Aminu Kano ɗan Sudawa ne, amma a Gwammaja ya yi gidansa, gidan da ya zama matattarar 'yan NEPU da PRP. A nan aka binne shi a 1983, kuma gidan, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, da Audu Baƙo a matsayin gwamna, gari ya ɓalle ta kowace kusurwa. Sharaɗa da Challawa suka zama na masana'antu, Dawanau ta zama kasuwar hatsi, titin Gidan Zu ya cika da ofisoshin 'yan fim ɗin Hausa. Ƙauyuka da gonaki irin su Hotoro da Na'ibawa da Sheka da Kurna da Rijiyar Zaki suka koma unguwanni, yawancinsu awon igiya, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta.

Lokacin da ya fi dacewa a ga unguwannin Birni shi ne Salla. Hawan Daushe kan ratsa lunguna zuwa Babban Ɗaki, inda sarki ke gaida mahaifiyarsa, Hawan Nassarawa kuma ya fita Waje ya bi ta Sabon Gari da Fagge, kowane hakimi da dawakansa da 'yan lifidi da masu algaita. UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024. A azumi kuma yara na tashe daga goma ga wata, Nalako na farautar gwagware.

Sai dai abin da ake zuwa gani yana ƙarewa a idon kowa. Soraye na tubali da azara ana rushe su ana zuba bulo, kududdufan da ke shanye ruwan damina an cike su an yi shaguna, shi ya sa ambaliya ke shiga gidaje. Ƙofofi irin su Na'isa da Nassarawa an sake gina su da siminti don a faɗaɗa titi. Ganuwar kanta, wadda ta raba Birni da Waje shekara ɗaruruwa, a wurare da dama an yanka ta filoti an sayar, saura tsibin jar ƙasa nan da can tsakanin gidajen mai da shaguna.